Wa Na'ura Za Ta Yarda Da Shi? Tarihin Lissafin Yarda Da Sauya Ra'ayi

A ƙarshen watan Agusta na 2011, wani mutum a ƙasar Iran ya je buɗe akwatin saƙonninsa na Gmail, sai burauzarsa ta Chrome ta ja daga, ta ce takardar shaidar da shafin ya nuna ba ta kwanta mata ba. Ya yi ƙorafi a intanet, masana suka bi sawu, sai ga abin da ya fito. Ɓarayin intanet sun kutsa cikin wani kamfani na ƙasar Holan mai suna DigiNotar, ɗaya daga cikin kamfanonin da ke ba shafuka takardar shaida, sun buga wa kansu takardun jabu sama da 500. Da ɗaya daga cikinsu, mai ɗauke da sunan Google, aka tare hanyar masu amfani da intanet kusan dubu 300, kusan dukkansu a Iran. Mutum yana rubuta sirrinsa, wani na tsakiya yana iya karantawa. Kafin watan Satumba ya ƙare kamfanin ya karye.

Abin lura a nan, mai karatu, shi ne na'urorin da aka yaudara ba su yi kuskuren lissafi ko ɗaya ba. An gaya musu duk takardar da DigiNotar ya sa wa hannu gaskiya ce, suka bi umarni. Abubuwa biyu suka rasa: sanin wanda ya cancanci a yarda da shi, da sanin yadda ake janye abin da aka riga aka gaskata idan sabon labari ya zo. Masana sun shafe shekaru sama da 40 suna ƙoƙarin mayar da waɗannan abubuwa biyu lissafi. Aikin ya taho ta hanyoyi biyu daban, kamar koguna biyu, sai can gaba suka haɗu. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na'urar da ba ta iya janye magana

An gina kwamfuta bisa ilimin manɗiƙi, wato ilimin fitar da hukunci daga hujjoji. A manɗiƙin gargajiya, abin da aka tabbatar ya tabbata ke nan har abada. Ƙarin bayani yana ƙara hukunci, ba ya rage shi. Wannan ya dace da lissafi, amma rayuwa ba haka take tafiya ba. Idan aka ce maka ga tsuntsu can, za ka ɗauka yana tashi sama. Idan aka ƙara da cewa jimina ce, nan take ka janye. Yaro ɗan shekara bakwai yana yin wannan ba tare da ya sani ba, amma na'urar da aka gina bisa tsohon manɗiƙi ba ta da hanyar yin sa. Abin ma ya fi haka muni: a wannan tsari, idan magana biyu masu karo da juna suka shiga rumbun na'ura, to daga nan tana iya fitar da kowane irin hukunci, na gaskiya da na shirme.

A 1979 wani matashin mai bincike a cibiyar MIT ta Amurka, Jon Doyle, ya fito da dabara. Ya ce duk abin da na'ura ta gaskata, ta riƙa ajiye dalilinsa a kusa da shi. Idan dalilin ya rushe, sai ta bi sawu ta cire duk abin da ya jingina da shi, kamar yadda mai ginin laka ke sauke abin da ke bisa bangon da damina ta ci. A 1980 mujallar Artificial Intelligence ta fitar da bugu na musamman kan irin wannan tunani, inda John McCarthy da Raymond Reiter suka gabatar da nasu tsare-tsaren. Duk da haka akwai tambayar da ta rage: idan akwai hanyoyi da yawa na janyewa, wacce ce ta hankali?

Dokar da aka soke ta haifi amsa

Amsar ta fito daga inda ba a zata ba, daga fagen shari'a. Carlos Alchourrón malamin falsafar doka ne a birnin Buenos Aires na ƙasar Ajantina. Abin da ya dame shi shi ne soke doka. A ce doka ta ɗaya da ta biyu, idan aka haɗa su, suna haifar da wani hukunci. Majalisa ta zo ta ce ta soke wannan hukunci. To muddin dokokin nan biyu suna nan, hukuncin zai sake tsirowa. Dole ɗayarsu ta tafi, amma wacce? Ya haɗa kai da David Makinson, masanin manɗiƙi ɗan ƙasar Ostareliya, suka wallafa aiki kan wannan a 1981. A can ƙasar Suwidin kuma, Peter Gärdenfors na jami'ar Lund yana nazarin yadda mai ilimi ke sauya ra'ayi. Da suka ga rubuce-rubucen juna sai suka gane ashe rijiya ɗaya suke haƙa ta ɓangarori biyu. A 1985 su ukun suka wallafa maƙala ɗaya a mujallar Journal of Symbolic Logic, kuma har yau da haruffan farko na sunayensu ake kiran tsarin: AGM.

Sun kasa sauyin ra'ayi gida uku. Akwai ƙari, inda sabon labari bai yi karo da komai ba, sai a ɗora shi kawai. Akwai ragi, inda ake cire wani abu da aka gaskata. Sai gyara, inda sabon labari ya yi karo da tsoho, dole a buɗa masa wuri. Gyara kuwa ragi ne da ƙari a jere: a fara cire abin da ke ƙaryata sabon labarin, sannan a shigar da shi. Suka gindaya sharuɗɗa takwas da kowane gyara na hankali zai cika. Ruhinsu shi ne tsimi: kada ka zubar da abin da ka sani fiye da yadda ya zama dole.

Ga misali daga harkar yau da kullum. Wani ɗan kasuwa a Maraɗi ya gaskata abubuwa uku: duk motar da ta bar Damagaram da asuba tana isowa kafin la'asar, kayansa suna cikin motar wane, kuma motar ta tashi da asuba, domin yaronsa ya buga waya ya faɗa masa. Hukunci: kafin la'asar kaya suna tasha. Sai ga magariba ta yi, babu kaya. Ba zai iya riƙe ukun nan duka ba. Ko dai ba kowace mota ke isowa kan lokaci ba, ko kayan ba su shiga wannan motar ba, ko yaron bai faɗi daidai ba. Manɗiƙi ya ce lallai ɗaya ya tafi, amma bai ce wanne ba. A 1988 Gärdenfors da Makinson suka nuna cewa duk gyaran da ya cika sharuɗɗan nan daidai yake da jera abubuwan da aka gaskata bisa zurfin saiwarsu, a tumɓuke mai gajeriyar saiwa a bar mai zurfi. Ɗan kasuwar da ya shekara goma da yaronsa zai zargi hanya. Wanda ya ɗauki yaron makon jiya zai zargi yaron. Kowannensu ya yi tunani mai tsari, bambancinsu yana ga jerin da kowa ya zo da shi. Ka riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da shi.

Wasu sun zo sun ƙara gini. A 1991 Hirofumi Katsuno da Alberto Mendelzon suka rarrabe tsakanin gano cewa tun farko ka yi kuskure da gano cewa duniyar ce ta sauya. Wanda aka ce masa shago a rufe yake tun safe, da wanda aka ce masa yanzun nan aka rufe, ba gyara iri ɗaya za su yi ba. A 1997 Adnan Darwiche da Judea Pearl suka duba yadda za a yi gyara bayan gyara ba tare da na'ura ta manta darasin jiya ba.

Sai dai tsarin AGM yana da wani sharaɗi mai ban mamaki: sabon labari kullum shi ke da rinjaye. Duk abin da aka gaya wa na'ura a ƙarshe, shi za ta karɓa, ta gyara sauran su dace da shi. Mutumin da ke da irin wannan hali, duk wanda ya yi masa raɗa ta ƙarshe shi ya mallake shi. Tsarin bai tambayi wa ya kawo labarin ba. Wannan tambayar kogi na biyu ne ya ɗauko ta.

Janar-janar da maci amana

A ƙarshen shekarun 1970, masu bincike a cibiyar SRI ta jihar Kalifoniya suna ƙera kwamfutocin sarrafa jirgin sama da tallafin hukumar NASA. Dabarar ita ce a sa kwamfutoci da yawa su yi aiki ɗaya, in ɗaya ta lalace sauran su rufa. Amma lalacewa iri-iri ce. Wadda ta mutu murus ba ta da wuyar sha'ani. Matsalar ita ce wadda za ta gaya wa wannan abu kaza, ta juya ta gaya wa waccan akasinsa. A 1982 Leslie Lamport da Robert Shostak da Marshall Pease suka bayyana matsalar da labarin janar-janar na daular Rumawan gabas da suka kewaye wani birni, suna aika wa juna manzanni, alhali a cikinsu akwai maciya amana. Suka tabbatar da lissafi cewa idan saƙon baki ne, ba za a cim ma matsaya ɗaya ba sai masu gaskiya sun haura kashi biyu cikin uku. Janar uku ba za su iya da munafuki ɗaya ba, sai sun kai huɗu. Munafukai biyu suna bukatar bakwai. Idan kuwa kowane saƙo yana da sa hannun da ba a iya kwaikwayo, abin ya yi sauƙi ƙwarai.

Ke nan sa hannu ya warware komai? Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri tsarin Unix, ya nuna ba a nan gizo ke saƙa ba. A jawabinsa na karɓar lambar yabo ta Turing, wanda aka wallafa a 1984, ya bayyana yadda za a iya ɓoye ƙofar sata a cikin manhajar da ke fassara rubutun masu shirya manhaja zuwa harshen na'ura. Mai fassarar zai riƙa dasa ƙofar a cikin abin da ya fassara, har da sabbin masu fassara, ta yadda ko ka karanta rubutun asali layi bayan layi ba za ka ga komai ba. Darasinsa shi ne, komai yawan bincikenka, akwai matakin da za ka kai inda ba abin da ya rage sai yarda da mutanen da suka yi aikin.

A 1989 Michael Burrows da Martín Abadi da Roger Needham suka ƙirƙiri wani manɗiƙi na musamman da ake kira BAN, domin bin diddigin abin da kowane ɓangare ya gaskata yayin da na'urori biyu ke gaisawa su tantance juna: wane ya gaskata cewa wannan mabuɗi na wane ne, ya gaskata cewa saƙon sabo ne, da sauransu. Ya tona kurakurai a ƙa'idojin musayar saƙo da dama. Cikin waɗanda aka auna da shi har da wata sananniyar ƙa'ida da Needham da Michael Schroeder suka wallafa a 1978. Amma a 1995, shekara 17 bayan fitowarta, Gavin Lowe na jami'ar Oxford ya gano ɓaraka a cikinta. Idan mutumin kirki ya buɗe hulɗa da mayaudari, mayaudarin yana iya ɗaukar saƙonninsa ya je wurin na uku ya yi shigar burtu da sunansa. Manɗiƙin bai hango wannan ba, domin an gina shi bisa zaton cewa duk waɗanda ke cikin hulɗar masu gaskiya ne, ɓarawo daga waje yake zuwa. Hausawa kuwa sun daɗe da cewa da ɗan gari akan ci gari.

Ranar da yarda ta zama lamba

Har zuwa nan, yarda a wurin na'ura e ce ko a'a. Masana zamantakewa irin su Niklas Luhmann na Jamus da Diego Gambetta na Italiya sun riga sun nuna cewa yarda tana da mataki-mataki, kuma ba ta da ma'ana sai inda akwai kasada. A 1994 Stephen Marsh ya rubuta kundin digirinsa na uku a jami'ar Stirling ta Sukotlan, inda ya mayar da wannan tunani lissafi. Ya auna yarda daga -1 zuwa dab da +1. Da gangan ya ƙi barin ta kai +1 cif, domin yardar da ba ta da sauran shakka makauniya ce. Ya kuma kasa ta uku: halin mutum na yarda da jama'a gaba ɗaya, yardarsa da wane, da yardarsa da wane a kan wani al'amari takamaimai. Kana iya ba maƙwabcinka ajiyar mabuɗin gida, amma ba za ka ba shi gyaran injin motarka ba. Sannan ya ce a gwada yardar da girman kasadar: wanda za ka ranta wa jika ɗaya ba lallai ne ka ranta masa jika ɗari ba.

Audun Jøsang ɗan ƙasar Norwe ya ƙara abu mai muhimmanci, wato rashin sani. A tsarinsa kowane ra'ayi yana da kashi uku, gaskatawa da ƙaryatawa da rashin tabbas, jimillarsu ɗaya. A 2002 shi da Roslan Ismail suka fitar da hanyar auna suna wadda saiwarta ke komawa ga lissafin Thomas Bayes da Pierre-Simon Laplace na ƙarni na 18. Ga yadda take: ka ƙara 1 a kan adadin alherin da aka gani, ka raba da jimillar hulɗa da aka ƙara wa 2. Telan da ya cika alkawari sau 8 ya saɓa sau 2, makinsa 9 cikin 12, wato kashi 75 cikin 100. Wanda ya cika sau 80 ya saɓa sau 20 yana da kusan kashi 79, kuma shakkar da ke kansa ta ragu sosai. Baƙon da ba a taɓa gwadawa ba yana tsakiya, rabi da rabi.

Kasuwa ba ta jira masana ba. Tun 1996 shafin cinikayya na eBay ya buɗe wurin da mai saye da mai sayarwa ke ba juna maki. Nan aka ga yadda ɗan Adam ke wasa da ma'auni: mai saye yana tsoron faɗin gaskiya kada mai sayarwa ya rama, har a 2008 kamfanin ya hana masu sayarwa ba masu saye mummunan maki. A 2002 John Douceur na sashen binciken Microsoft ya bayyana wata cuta da ta fi wannan: mutum ɗaya ya buɗe sunaye ɗari, su yi ta yabon junansu. Ya nuna cewa idan babu wata hukuma da ke tantance waye waye, da wuya ƙwarai a toshe wannan kafa. A 2003 masu bincike a jami'ar Stanford suka fito da EigenTrust, inda yabon wanda aka yarda da shi ya fi na baƙo nauyi, kamar yadda Google ke auna shafuka da shafukan da suka nuna su. Amma domin kada gungun maƙaryata su mamaye lissafin, sai da suka tanadi wasu ƴan tsirarun da aka yarda da su tun farko, waɗanda ba lissafi ne ya zaɓe su ba.

Inda kogunan suka haɗu

Daga ƙarshen shekarun 1990 masu nazarin sauya ra'ayi suka fara sassauta sharaɗin nan na cewa sabon labari ne ke da rinjaye. A 1997 Makinson da kansa ya kawo gyara mai rariya: akwai wasu abubuwa da aka keɓe, duk labarin da ya yi karo da su ba ya wucewa. A 2001 Sven Ove Hansson da abokan aikinsa suka faɗaɗa wannan, suka ce a fara duba ko labarin abin gaskatawa ne kafin a buɗe masa ƙofa. A 2018 Richard Booth da Aaron Hunter suka ɗora yarda a gaban gyara kai tsaye: kowane mai kawo labari yana da fagen da aka yarda da shi a kai, sai a karɓi abin da ya faɗa cikin fagensa a bar sauran.

A ɓangaren tsaro kuma, darasin DigiNotar ya haifar da sabon tsari a 2013, wanda injiniyoyin Google suka jagoranta. Duk takardar shaidar da aka bayar sai an rubuta ta a wani kundi na fili wanda ake ƙarawa amma ba a gogewa, kowa yana iya dubawa. Ba a daina yarda da kamfanonin ba, amma yanzu yardar tana tafe da ido. Gani ya kori ji.

Idan ka duba tarihin nan tun daga farko, abu ɗaya ne ke ta maimaita kansa. Tsarin AGM yana bukatar a ba shi jerin saiwa. BAN yana bukatar a gaya masa su wa ke da gaskiya. EigenTrust yana bukatar amintattun farko. Burauzar da ke cikin wayarka tana zuwa da jerin kamfanonin da ta yarda da su, kuma wasu mutane ne a wani ofis suka rubuta jerin. Lissafi ya iya raba yarda, ya auna ta, ya rage ta, ya hana na'ura tufka da warwara, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Amma irin farko da ake shukawa, hannun mutum ne ke sa shi a ƙasa. Saboda haka duk lokacin da aka ce maka na'ura ce ta tantance, kana da haƙƙin tambaya: wa ya gaya mata wanda za ta yarda da shi, kuma wa ke duba shi?

Ƙa'idojin nan ba na na'ura kaɗai ba ne. A ɗakin labarai na gidan rediyo ana koya wa sabon ma'aikaci kada ya sa labari a iska sai ya ji shi daga majiya biyu da ba su haɗa hanya ba. Mutum ashirin da suka turo saƙon murya ɗaya daga WhatsApp majiya ɗaya ce, cutar nan ce da Douceur ya bayyana. Wanda ya ƙware a farashin hatsi ba shi ne za a tambaya maganin ciwon suga ba. In kuma labarin da aka watsa jiya ya tashi ƙarya, ana janye shi tare da duk abin da aka ɗora a kansa, a bar abin da bai shafa ba. Wanda ba ya sauya ra'ayi ko da hujja ta zo, da wanda kowace raɗa ke juya shi, dukansu sun faɗi jarrabawar da masanan nan suka shekara 40 suna tsara wa kwamfuta. Allah ya ba mu ikon tantancewa.